Kar Ki Aiko Man Nan, Yaya

Faskari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baban Salim da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi. An fara yankan dawa, sai dai gonakin da ke ta wajen Sabuwa har yanzu ba a zuwa. Innarmu ta samu sauƙin ƙafar, har ta je Ƙanƙara ganin jikokinta.

Yaya, maganar man bilicin nan ce da na roƙe ki ki ba direba kafin bikin Sumayya a Sheme. Kar ki aiko shi. Na san za ki yi dariya, tunda ni ce na yi ta miki kuka a waya cewa ba zan taka wurin bikin da wannan baƙar fuskar ba. Kin san ni da littattafan soyayya. Duk yarinyar da ake mutuwa a kanta fara ce sol, gashi har gadon baya. Ni kuwa maigidan bai taɓa cewa na yi kyau ba, in ya dawo daga gona sai ya tambayi ko an ba tumaki dusa. Na ɗauka laifin fatata ne.

Hajiya, mahaifiyarsa, ita ta kama ni ina hira da madubi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in na idar da sallar asuba kar in tashi, in zauna gefenta a tsakar gida, in riƙa ambaton Allah a hankali ina sauraren numfashina. Ranar farko ban gama zama ba zuciyata ta gina mini bene a Abuja, har da mota. Da na gaya mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da furfurarta tata zuciyar bin kaza take yi zuwa rumbun maƙwabta. Ta ce in zuciyata ta gudu in janyo ta kamar ɗan akuya, amma ban da duka.

Akwai wata tsohuwa a gidanmu, Iya Baraka, Bamagujiya ce da ta shiga Kiristanci. 'Yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu, Hajiya ta ba ta ɗaki. Ita ma takan fito da sassafe ta zauna a kan turmi, ta rufe ido da tata addu'ar. Ni dai gani nake na fi ta, ni mai boko da Islamiyya. Wata safiya muna zaune shiru, sai na ji numfashinmu mu uku yana shiga yana fita, na rasa wanne ne nawa. Babu fari, babu baƙi. Ga Iya Baraka da ba ta san inda ɗanta yake ba, ga Hajiya da ta binne miji, ga ni da madubina, kowa na roƙon a wuni lafiya. Kunya ta kama ni, daga baya kuma na ji ƙirjina ya yi sakayau.

Ba waliyyiya na zama ba, Yaya. Littattafaina suna nan ƙarƙashin filo, benen Abuja ma yana dawowa. Maigidan kuma bai daina tambayar tumaki ba. Amma a zaman nan ne na lura cewa kafin ya wuce masallaci shi yake ɗumama mini ruwan alwala ya ajiye a bakin ƙofa. Ashe tun ina amarya yake yi, ni ina ta jiran ya yi magana irin ta littafi.

Zan je bikin da fuskar da Inna ta haife ni da ita. In direban bai riga ya taso ba, ki ba shi man zafi mai kyau, gwiwoyin Iya Baraka suna hana ta zama tare da mu har gari ya waye.

Ki gaida Baban Salim, da Salim, da Nana Aisha. Hajiya da Iya Baraka suna gaishe ki.

Ƙanwarki,
Zulaihatu