Muryar 'Yata Tana Galarin Jami'a, Babanta Ya Ce a Cire

Anti Asana, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan a unguwa ba tare da ta zaga gari ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake wanda ya san mu zai gane.

Ni malamar firamare ce a nan Tamale, muna zaune a Dabokpa. Kakannina fataken goro ne daga ƙasar Hausa, suka zo suka zauna. Mijina, bari in kira shi Masahudu, yana sayar da kayan gyaran babur a Lamashegu. 'Ya'yanmu biyu ne, Jalila da ƙanenta Sidiki. Jalila ta rasu a bazarar da ta wuce. Sanƙarau ne. Da safe ta ce kanta na ciwo, wuyanta ya riƙe, muka ɗauka zazzaɓi ne. Kafin mu ankara muna asibiti, kafin mu gama fahimtar abin da likita ke faɗa an kai ta makwancinta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a.

Zane da fasaha ta karanta. Babanta ya so ta zama nas. Bai hana ta ba, amma bai taɓa tambayarta me take yi a makaranta ba, in abokansa sun tambaya sai ya ce malanta take karantawa. Ni ma ba wai na fahimci abin ba ne, ina dai ganin tana dawowa da fenti a farce da fara'a a fuska, sai in ƙyale ta.

Jami'arsu tana da wani babban ɗaki da suke baje ayyukan fasahar zamani, suna ce masa galari. A da na ɗauka wurin manyan 'yan boko ne da baƙi. Ashe ƙofa a buɗe take ga kowa, makarantu na kai yara, ranar Asabar ana koya wa yaran unguwa zane, har masaƙan batakari, rigar saƙin nan ta maza, ana gayyata su kafa masaƙa ɗalibai su zauna su koya. A nan aka baje aikin Jalila na kammala karatu.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don shi ne tushen rigimar. Kin san yaran nan mata da suke tafiya Kumasi da Accra ɗaukar kaya a kasuwa, 'yan kayayo. Jalila ta yi watanni tana hawa yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, tana bin unguwanni da ƙauyuka, tana neman matan da suka yi wannan aiki suka dawo. Ta roƙe su tsoffin tasoshin da suka ɗauki kaya da su, wasu sun lotse, wasu sun yi tsatsa. Ta zauna da kowace ta naɗi muryarta, wata da Dagbanci, wata da Hausa, tana ba da labarin inda ta kwana da abin da ya same ta da abin da ta dawo da shi. A galarin aka rataya tasoshin daga sama, daidai kan mutum. In ka tsaya a ƙarƙashin tasa, kamar kai ka ɗauko ta, sai ka ji muryar mai ita daga wata 'yar lasifika. Mai yi musu tambayoyin kuwa Jalila ce. A ɗaya ma wata tsohuwa ta tsokane ta da cewa duk wannan tambaya ba miji, sai ka ji ta fashe da dariya.

Ranar buɗewa, da hannunta ta goge wa babanta batakarinsa. Ya ce shago ya cika, zai biyo mu daga baya. Bai zo ba. Na ga tana ta leƙen ƙofa har aka tashi. Ba a daɗe ba ciwon ya kama ta.

Bayan sadakar arba'in shugabar galarin, Madam Eyram, ta zo gaisuwa da ɗalibai. Kirista ce daga kudu, amma ta yafa mayafi ta zauna a tabarma tare da mu, ta yi kuka kamar 'yarta ce. Da za ta tafi ta raɗa mini cewa aikin yana nan ba su taɓa shi ba. Na daɗe ina ja da baya, ranar nan dai na je. Na tsaya a ƙarƙashin tasar tsohuwar nan, na ji dariyar 'yata. Wani ɗalibi ya kawo mini kujera na zauna. Daga ranar duk Asabar ina can. Mijina ya sani, bai hana ni ba.

Kuma Anti, ba ni kaɗai nake zuwa ba. Matan da muryoyinsu ke ciki suna zuwa da 'ya'yansu da jikokinsu. Akwai Mma Farhana, mai sayar da man kaɗanya, wadda ta ce mini ko a mafarki ba ta taɓa zaton ƙafarta za ta taka jami'a ba, yau ga malamai suna tsayawa a ƙarƙashin tasarta suna saurarenta. Na kai 'yan ajina. Wata yarinya da yayarta ke Kumasi ta tsaya ta ƙi matsawa, a hanyar dawowa ta ce mini a da ta shirya bin yayarta in an yi hutu, yanzu ta fasa. Ban san ko za ta dawwama a kan haka ba, amma har yau tana aji. Ɗaliban da ke karatun jinya da na malanta su ma ana kawo su, a zauna a tattauna.

To ga inda abin ya lalace. Wani mai sayen kaya ya nuna wa Masahudu bidiyo a waya a shago. Wasu ɗalibai ne suna ɗaukar hoto a ƙarƙashin tasoshin, suna dariya suna gyara tsayuwa, ana jiyo muryar Jalila a baya. Mutumin da kyakkyawar niyya ya yi, cewa ya yi 'yarka ta yi suna. Masahudu ya rufe shago ya dawo gida da rana tsaka. Ya ce 'yarsa tana kabari, addu'a take bukata, an mai da muryarta abin wasan yara. Ya ce kada in sake zuwa wurin, kuma in je in gaya musu su sauke tasoshin su goge muryar, in ban je ba shi zai je. Tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Na daina zuwa. Amma ban kai saƙon yadda ya ba ni ba, na kira Madam Eyram ne na gaya mata halin da ake ciki. Ta ce jami'a na so ta ajiye aikin dindindin don koyarwa, amma ba za su yi ba sai da yardar iyaye, kuma in muka ce a sauke, ranar za a sauke. Tana bukatar amsa kafin su shirya baje kolin zangon karatu mai zuwa, wato ƙarshen watan nan.

Yanzu gidan namu sai gaisuwa. Sidiki ya koma cin abinci gidan abokinsa, ya ce gidanmu ya yi masa shiru da yawa. Rannan na dawo daga makaranta na tarar da Masahudu zaune a bakin ƙofar ɗakin Jalila riƙe da mayafinta, da ya gan ni ya miƙe kamar yana neman wani abu. Na san yana ƙonewa a ciki. Ni kuma tsoro nake ji, in aka goge, wata rana zan nemi yadda muryarta take in rasa. Wani lokacin ina tambayar kaina, don yaran mutane nake so a bar aikin ko don kaina? Ko ni ce nake hana ta hutawa? Ko zunubi nake ɗora mata ban sani ba? Anti, in bi mijina in sa a goge, ko in tsaya a kan abin da 'yata ta bari? Ba zan iya rasa su biyun ba.

Uwar marigayiya, Dabokpa

*

'Yar'uwata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Jalila, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Abu na farko, ki daina tuhumar kanki. Uwa ta so jin muryar 'yarta ba laifi ba ne, kuma don kina samun sanyi a wurin bai rage amfanin da yaran mutane ke samu ba. Duka biyun gaskiya ne.

Mijinki ma yana da tasa gaskiyar. Duk uban da aka nuna masa bidiyon nan sai ransa ya ɓaci. Ki lura, ke kin ga matan da ke zuwa da jikokinsu, kin ga yarinyar ajinki. Shi abin da ya gani a duniya game da aikin nan shi ne yara na dariya a waya. A kan wannan ya yanke hukunci. Ina kuma zaton rashin zuwansa ranar buɗewa yana cinsa fiye da yadda kike tsammani, kuma muddin aikin na rataye, yana tuna masa. Kada ki taɓa goranta masa wannan, ko a cikin fushi.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Kada ki je wurin a ɓoye, kuma ki gaya masa da bakinki cewa kin yi magana da Madam Eyram, kafin ya ji a wani wuri. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, kada a goge komai yanzu. Saukewa daban, gogewa daban. Abin da aka sauke ana iya mayarwa, abin da aka goge ya tafi. Ki nemi galarin su ɗaga muku ƙafa, ko da za a sauke aikin a adana shi na wannan zangon. Bai kamata iyaye masu ɗanyen makoki su yanke irin wannan hukunci don ƙarshen wata ya matso ba, kuma matar da ta zauna a tabarmarku za ta fahimci haka.

Maganar zunubi, ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Ku sami malamin da shi Masahudu ya yarda da shi, ku je tare, ki bayyana masa aikin yadda kika bayyana mini, ba ƙari ba ragi. Abin da ya ce ku ji shi tare.

Ki kuma nemi wani babba da mijinki ke jin nauyinsa, yayansa ko aminin mahaifinsa, ya roƙe shi ya je ya ji da kunnensa sau ɗaya, a ranar da galarin ke rufe, ba ɗalibi ba waya. Ke ma kada ki bi shi. Namiji irin wannan ba zai yi kuka a gabanki ba, kuma kukan yake bukata. In bai shirya ba, kada a matsa masa.

Galarin ma da nasu gyaran. Tunda sun buɗe ƙofa ga jama'ar gari, sai su ɗauki nauyin da ke tare da hakan. Ki nemi a hana ɗaukar bidiyo a wurin aikin, a rubuta cewa mai shi ta rasu, a riƙa yi wa masu shiga bayani. Wannan ma karatu ne ga ɗaliban, su koyi yadda ake tsayawa a gaban wahalar mutane. Ki tambaye su ko za a iya barin muryoyin matan a cire ta Jalila, in har muryarta ce mijinki bai iya jurewa. Matan nan ma suna da haƙƙi, labarinsu ne suka ba da amana. Ke kuma ki karɓi kwafin muryar ki ajiye a gida, wannan kam naki ne.

In duk an yi wannan ya ce a'a, ki bari a sauke a adana, ki riƙe gidanki. Abin da aikin ya shuka a zukatan waɗanda suka ji shi ba mai iya saukewa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa, Sidiki. Ya rasa yayarsa, kada ya ji ya rasa iyayensa suna raye. Yau ɗin nan ki dafa abin da ya fi so, ki aika a kira shi, ki zuba masa a kwano ɗaya da babansa. Ko ba wanda ya ce uffan, su ci tare.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninku, ya raya muku Sidiki. Ina tare da ke a addu'a.

Anti Asana