Tsakuwa Uku a Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Mwingi, ranar Talata

Yaya Kavata,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Nairobi, ya shirin biki? Ki gai da angon naki. Inna lafiya, awaki lafiya, sai dai ni.

Ciwon kan nan da ya shekara biyu yana cina, asibiti ba su ga komai ba, shi ya kai ni wurin tsohuwa Syokau mai magani jiya. Kar ki yi faɗa. Ta kaɗa tsirkiyar bakan dubanta da tsinke, ta girgiza gora, ta zube tsakuwoyin duba a kan fata. Sau uku tana zubawa. Ta ce, "Kai yaro, ja akuyar da ka kawo mini, ba na cin ladan abokan sana'a. A gidanku an haifi jariri da tsakuwa dunƙule a hannu. Tambayi uwarka inda ta kai su."

Kin san wanda ya zo haka, kakanni ne suka zaɓe shi ya yi magani.

A hanya na lallashi zuciyata. Na ce ni ba boko, ba mata, in gora ne rabona na ɗauka.

Inna na surfa masara na faɗa mata. Taɓarya ta suɓuce. Ta sa na ɗaga dutsen niƙa, ta tona. Ƙullin tsumma, tsakuwa uku, baƙaƙe sumul. Na miƙa hannu, ta buge shi.

"Sarkin azarɓaɓi, ba naka ba ne. Kai hannu sake ka zo, sai kuka. Na Kavata ne."

Yaya, a ƙasa na tsinci kaina. Wai satin da aka yi wa Inna baftisma ta haife ki, tsoro ya sa ta binne.

Yau na koma na roƙi Syokau a ba ni a madadinki. Dariya ta yi. "In mai gida ba ya nan, ƙofar maƙwabci ake bugawa. Kai maƙwabci ne, ɗan nan." Ta ce ciwon kan ba zai sake ni ba sai kin zo kin karɓi tsakuwoyin da hannunki. In kin karɓa kuwa, kin fi ni sanin abin da cocin angonki zai ce.

Inna ta ce in ɓoye miki, na ƙi. Shekara talatin ana ɓoye miki, ya isa. Ban ce ki zo ba. Jira zan iya, na saba. Sai dai idona na hagu ya fara dushewa tun watan jiya, shi ma ba zan ɓoye miki ba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Muthengi