Takalman Mu'utamad

Daren Laraba, watan Safar

'Yata Safiya tana ta gudawa. Ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwan gona, muke sha tun da injin famfonmu ya mutu. Sau huɗu ina kai takardar gyara ofishin mu'utamad, shugaban garinmu, ya sa hannu. Kullum maigadi sai ya ce, "Hajja, yana ciki yana salla. Ga takalmansa nan."

Yau na warware jaridar da aka ƙunso mini ƙosan ta'amiyya a ciki, na karanta harafi-harafi. Ga hoton mu'utamad a Khartum. Wai wata biyu ke nan yana yawon siyasa, bai tako gida ba.

Sai yanzu na tuna, jiya na ga saƙar gizo-gizo cikin takalman. Amma wallahi na ji tari daga ɗakin. To wa nake ta jira?