Balangun Ban-Haƙuri

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi dai? Ni ina nan Karu, ina ta ɗinkina.

Yaya, Baban Amira ya gano shagon da na kama tun barina gidansa. Ranar Talata bayan la'asar na ɗago kai daga keke, sai ga shi a ƙofa da ƙunshin balangun Dei-Dei. Ban taɓa gaya miki ba, duk ranar da ya dake ni, washegari shi yake kawo min, ya zauna yana ba ni a baki yana kuka. Ƙamshin na bugo ni gabana ya faɗi, amma wallahi har na miƙa hannu, raina yana murna. Wannan murnar ta fi dukan tsorata ni.

Maman Grace mai shagon kusa da nawa ta leƙo, ta dubi ƙunshin ta ce, "Ƙawata, wannan nama na wane duka ne, na baya ko na gaba?" Sai na janye hannuna, na ce ya tafi da abinsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai dawo. 

Likitar da nake zuwa wurinta ta ce ba so ba ne, sabo ne, kuma ana warkewa a hankali.

Ki gaida Inna. Don Allah ki ce ta daina roƙa mana sulhu. Ta roƙa min in daina kewarsa.

Ƙanwarki,
Rabi