Da Bakina Kunka Kama Mutane a Kasuwar Tsibiri

Zuwa ga Mushe Lokotoro, likita mai kula da lambar rigakafin agana a ƙasar Maraɗi.

Gaisuwa da girmamawa. Ni ne Alu wanzami na Sabon Gari, wanda ka aiko anfarmenka, mai taya ka aikin asibiti, ya kira lokacin kaka. Na sa a rubuta mini wannan, kuma a karanta ta a bainar jama'a, domin a bainar jama'a kunka kunyata ni.

Na farko. Kai ka neme ni. Ka ce mutanen ƙauye suna gudun lamba, amma ni sun san askata, ni nake yi wa 'ya'yansu kaciya, za su ji maganata. Na tambaye ka ko gardi, dakarun kumandan mai mulkin ƙasa, za su zo. Ka ce ta bakin tafinta babu gardi, babu zancen haraji, lamba ce kawai a hannu kowa ya koma gida. Na yarda, domin agana ta ci mini 'ya, na san abin da take yi. Na bi gida-gida a Tsibiri, har gidajen arna masu bori, na rantse musu. Hannuna na fara miƙawa don su gani.

Na biyu. Ranar kasuwa sun zo, mata da goyo, maza daga gona. Da layi ya yi tsawo sai ga gardi bisa dawakai, sunka tare hanyoyin fita. Duk namiji mai ƙarfi da anka tsaga wa hannu, sai a jawo shi gefe a ɗaure don aikin hanya. Cikinsu har da ƙanena Sani, wanda bai gama yankan geronsa ba. Kana zaune a inuwa kana kallo. Na yi maka magana, ka juya kai.

Yau a Tsibiri ba mai ba ni kansa in aske. Wata tsohuwa da anka tafi da ɗanta ta tofa mini miyau a gaban masallaci, na goge na wuce, don tana da gaskiya. Matar Sani ba ta gaishe ni.

Ga abin da ya fi ciwo. Agana ta shiga ƙauyen Jiratawa. Da sunka ji za a zo lamba sai sunka kwashe yara sunka shige daji, masu ciwo da masu lafiya tare. Can ake binne su.

Jiya anfarmenka ya dawo, wai in je in kira mutanen Jiratawa. Ba zan je ba. Ka roƙi kumandan ya sako Sani da duk waɗanda anka kama, su dawo da ƙafarsu kowa ya gan su. Sannan ka zo kai kaɗai, babu gardi, ka faɗa da bakinka cewa ƙarya ka sa na yi. Ran nan zan ɗauki zabirata in shige gabanka.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka ji kunya tun yaran Jiratawa ba su ƙare ba.

Wassalam.
Alu wanzami, Sabon Gari, Maraɗi.