Ƙafafu Huɗu a Ƙofar Zaure

Matameye, kakar 1956

Zuwa ga Habsatu, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawon da nake hutawa. Gaisuwa daga mutumin da ya kasa ɗaga kansa.

A rigingine nake rubuta miki, takarda bisa allo, allo bisa ƙirji, tawada tana ɗiga a haɓata. Kwana tara ke nan da dawo da ni daga birni, inda aka yi mini aiki a ciki. Allurar kashe zafi suka yi mini a gadon baya, wata mai kauri, sai da aka soka sau uku kafin a dace. Likita ya ce ruwa ne ke tsiyaya ta hujin, shi ya sa in na kwanta lafiya lau, in na tashi zaune kuwa sai ƙeyata ta zama turmi ana daka. Ya ce in kwanta, in yi ta shan ruwa, zai wuce.

To, na kwanta a zaure, kuma mai kwance ƙafafun mutane kawai yake gani. Ranar kasuwa na ga naki, Habsatu. Yaya zan kasa gane su? Ba ni na cire miki ƙaya a diddigen hagu ba, bara wajen roron gyaɗa? Da allura ɗaya, sau ɗaya, ko motsi ba ki yi ba, sai dariya. A gefensu na ga takalman Illa, wanda ya dawo daga cin rani a Kano da damina, yana tura sabon kekensa. Mai keke ya sauka yana tafiya a ƙasa, don wa? Takunku ɗaya, ba mai sauri a cikinku.

Na yunƙura in ga fuskarki, in san ko dariyar nan tawa kike ba shi. Kafin in kai gwiwa duniya ta juya, na faɗi. Da na buɗe ido sai sawunku a rairayi.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kuma shi ko na kwanta ba ya lafawa. Ban ce ki shigo ba, kada a yi da ke. Kasuwa mai zuwa ki biyo ke kaɗai, ki tsaya a ƙofa, ki juyo da yatsun ƙafarki wajena. In kuwa huɗu na sake gani, wallahi zan miƙe, kan ya fashe in ya ga dama.

Naki a kwance, naki a tsaye, har ranar kwanciyar da ba a tashi,
Iliyasu