Baba Ya Bar Kantin Araha

Ibagué, Kolombiya

Zuwa ga yayana Wilmer,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Edilma, da fatan ƙurar ma'adinan Chile ba ta taɓa maka ƙirji ba. Allah ya ƙara lafiya. Mama ƙafarta ta yi sauƙi, har coci ta taka. Ni ce dai na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ka san tun da kamfanin kantunan arahar nan ya shigo unguwarmu shagon Baba ya mutu. Mutanen da suka fara da kanti ɗaya a wani gari, yau ba layin da ba su. Sirrinsu ba wani abu ba ne, rowa ce aka yi mata tsari. Kaya a kwalinsu ake ajiyewa, ba a jerawa. Shinkafa iri ɗaya, sabulu iri ɗaya, in ba ka so ka ƙara gaba. Ba ciniki, ba ledar kyauta. Mu uku ne a reshen da nake shugabanta, mu ne karɓar kuɗi, mu ne sauke mota, mu ne goge ƙasa. Da na ga zaman gida yana neman kashe Baba, na roƙa aka ɗauke shi, duk da shekarunsa.

To, hali zanen dutse. Mutumin da ya tsufa yana ba da gyara, ta yaya hannunsa zai manta? Doña Ofelia, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta sayi kofi, ya jefa mata mazarƙwaila a jaka. Wani ya sayi shinkafa, ya ɗora masa ƙwai. Ga hira, sai ya tambayi lafiyar jikoki, layi har bakin ƙofa. Na yi masa magana a gida, ya ce wanda ya sayi kayanka ya tafi ba gyara ai korarsa ka yi. Da aljihunsa yake cikewa, amma mai duba rassa ya gani a kyamara, ya ce kamfani ba ya sayar da ƙwai ɗaiɗai, kuma layi ba ya jiran gaisuwa. Ya ce ko Baba ya tafi, ko ni da shi mu tafi tare. Ka san albashina ne ke riƙe da gidan.

Jiya na kira Baba ɗakin ajiya don in sallame shi. Ban iya ƙarasa maganar ba, kuka ya ci ƙarfina. Ya ce in share fuskata, mutane suna jira, shugaba ba ta kuka a gaban kwastoma. Motar madara tana waje a lokacin, sai da ya sauke ta tas don kada aikin ya faɗo kaina, sannan ya cire rigar kamfanin ya ninke ya miƙo mini. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Amma tun jiya bai kira sunana ba, ko a wajen cin abinci "shugaba" yake ce mini.

Don Allah ka buga masa waya ranar Lahadi. Ku yi zancen ƙwallo, kada ka tambaye shi aiki.

Ka gaida Edilma da ɗanka Duván. Mama da Goggo Nubia suna gaishe ku.

Ƙanwarka da ta kori ubanta,
Yurany